Littafin Bashin Maman Tagwai

"Sake tarawa, Akawu," in ji Maman Tagwai. "Kar ka ci ni da biro."

"Mama, sau biyu ke nan ina tarawa. Naira dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in."

Tana zaune a ƙaramar kujera bayan teburin kayanta, ta jingina da bango, hannu ɗaya dafe da mara. Ni kuma ina kan benci da littattafan bashinta guda uku a cinya, irin na rubutun 'yan firamare, bangonsu duk ya sha manja. Yammacin wata Asabar ce a watan Yunin 1984. An yi ruwa an ɗauke, kwatar ƙofar gidanmu a Kakuri ta cika tana malala, ma'aikatan masaƙa da suka tashi aiki suna ta tsallake ta da takalmansu a hannu.

Sunanta na yanka Rhoda, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba sai fasto. Ɗaya daga cikin tagwayen ya rasu tun yana goye, sunan dai ya zauna. Wadda ta rayu ita ce Irene, malamar firamare, wadda a lokacin take bin albashin wata biyar. Mijin Mama ya daɗe da rasuwa. Shekara shida muna gidan haya ɗaya, ƙofar ɗakinta na kallon tamu, kuma daga teburin nan nata na gari da shinkafa da wake da manja da busasshen kifi rabin layinmu ke ci, a rubuta, a biya ƙarshen wata. Ni Sylvanus ne, amma da yake a ofishin lissafin wata masaƙa nake aiki, ita ta laƙa mini Akawu, har matata Comfort ta ɗauka.

Abin da ya zaunar da mu ranar shi ne maganar likita. Ya ce ƙari ne a mahaifarta, shi ke sa zubar jinin da ta yi wata da watanni tana ɓoyewa, kuma dole a yi tiyata, kada a wuce wata biyu. Asibitin ya ce a kawo naira ɗari biyar kafin alƙalami. Abin da ke cikin gwangwaninta naira casa'in ne. Tana da fili ɗaya a Narayi, wanda ta yi shekara huɗu tana biya da kuɗin adashi, kuma wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Wilson ya taya shi naira ɗari bakwai. Ya ce gobe bayan an tashi coci zai zo jin amsa.

"Dubu ɗaya da ɗari shida," ta maimaita a hankali, tana ɗanɗana shi. "To ka gani. Ko kashi uku aka yi aka ba ni ɗaya, ai ya kai. A kan me zan sayar da filin Irene? Me zan bar mata, mudu da kwano?"

Ta juyo ta dube ni, fuskarta ta saki, abin da na yi makonni ban gani ba.

"Ko ba haka ba ne, Akawu? Kai ne ka karanta abin."

"Haka ne, Mama," na ce.

Ba haka ba ne, kuma duk layin nan babu wanda ya fi ni sanin ba haka ba ne. Aikina ke nan. Kowace ƙarshen shekara babban akawunmu, Mista George, yakan sa in ɗauko fayil ɗin dilolin da suka ɗebi atamfa ba su biya ba, mu jera su kashi uku: wanda bashinsa bai wuce wata uku ba, wanda ya kai wata shida, da wanda ya haura shekara. Daga na farko mu cire kaɗan, daga na biyu mu cire rabi, na ukun kuwa kusan duka muke cirewa. Abin da muka cire mu rubuta shi a gefe a matsayin asarar da ake jira. Ragowar ita muke nuna wa masu kamfani, mu ce ga abin da kuke da shi a hannun mutane.

A shekarata ta farko abin ya ba ni haushi, har na yi masa magana.

"Oga, mutanen nan ba su ce ba za su biya ba. Me ya sa muke binne bashinsu tun yana numfashi?"

Ya sauke tabarau ya dube ni ta samansa.

"Wa ya ce an binne? Za mu ci gaba da bin su har ƙofar gida. Amma saurara, Sylvanus. Manaja zai dubi lambar nan ya yi odar auduga, ya ɗauki sabbin ma'aikata. In ka ba shi lambar da ba za ta shigo ba, auduga ta iso babu kuɗin biya, wa ya jawo? Ba dila ba ne. Kai ne, da ka rubuta."

Na haddace wannan magana har ina burga da ita a wurin shan shayi. Ga shi ranar da ta zo ƙofar ɗakina na haɗiye ta.

Tun ina tarawa kaina ya riga ya yi nasa lissafin. Sunaye saba'in da wani abu ne a littattafan. Fiye da rabi ma'aikatan da masaƙu suka sallama ne tun farkon shekara, wasunsu ma da hannuna na buga takardar sallamarsu. Wasu sun koma ƙauye. Wasu bashinsu ya shekara. In an tace, waɗanda ke da aiki kuma bashinsu sabo ne ba za su haura naira ɗari uku ba. Lambar da ya kamata in ba ta ke nan, in ce Mama, ki karɓi kuɗin Wilson gobe, jibi a kai ki asibiti.

Abin da ya riƙe mini harshe yana shafi na huɗu na littafi na biyu. Da rubutunta mai manyan baƙaƙe, irin na ajin yaƙi da jahilci, an rubuta AKAWU, a ƙasa naira ɗari da tamanin da shida. Ya fara ne lokacin da Comfort ta haifi 'yarmu Christy, aka yi hidima, sannan iska ta yaye rufin ɗakin mahaifina a gida. Daga nan na koyi wata dabara: duk wata in biya na sabon wata cif, tsohon kuwa in bar shi yana hutawa. Wata goma sha huɗu yana hutawa. Da na fara jera mata mutane kashi uku yadda aka koya mini, da sunana ya faɗa kashi na uku, tsakanin mashaya burukutu da waɗanda suka gudu da dare. Kunyar wannan na ji. Na kuma lallashi kaina da cewa tausayi ne, ba na son in ɓata mata farin cikin da na gani a fuskarta.

Washegari Wilson ya zo da rigar coci, ambulan ya leƙo daga aljihun gaba. Mama ta sa aka kawo masa kunu, ta bari ya sha rabi.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Na fasa. Akawuna ya duba mini littafi, ashe ni mai kuɗi ce ban sani ba."

Wilson ya ajiye kofin ya dube ni.

"Oga Akawu, ka tabbata? Zamanin nan fa kowa na kuka. Ni kuɗina ga shi a hannu."

"Kuɗin na nan a littafi," na ce.

Ban yi ƙarya ba, suna nan a littafi. Ya tura ambulan ɗinsa ciki, ya yi mata fatan samun sauƙi, ya hau kekensa.

Daga ranar Litinin muka fara bi, ni da Irene, kullum in na tashi aiki, Asabar kuma tun safe. Ni na fara ajiye naira talatin a gaban Mama da ƙarfin hali, na ce sauran sai ƙarshen wata. Ta rubuta. Matsalar farko ita ce Mama ba ta rubuta sunan gaskiya. "Dogo na Shif B." "Matar mai gyaran agogo." "Ɗan Binuwai mai jar hula." Ita ta san su duka, har da sunayen 'ya'yansu, amma mu sai mu tsaya a tsakar gidan mutane muna tambayar wa ke da jar hula, ana yi mana dariya.

Ɗakin wani Sunday muka tarar a buɗe, babu ko tabarma. Mai gidan ya fito yana ɗaura zane.

"Ku ma? Tun bikin Ista ya kwashe. Hayar wata uku nake bin sa. In kun gan shi ku gaishe shi, ku ce ina nan."

Wani kuma, wanda har lokacin yana da aikinsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana sakace.

"Ni na biya ta tun tuni. Ita ce ba ta goge ba. Tsufa ne."

Da muka gaya wa Mama sai ta ce mai yiwuwa haka ne, a bar shi. Irene ta fita waje don kada ta yi magana.

Wanda ba na mantawa shi ne Shekari. Masaƙi ne, an sallame shi a watan Fabrairu, 'ya'ya biyar, bashinsa naira casa'in da huɗu. Mun same shi a bayan layin dogo yana noman wata 'yar gona da ba tasa ba. Da ya ga littafin a hannun Irene sai ya jingina fartanya, ya goge hannu a wando, ya kai mu ɗaki. Ya ɗaga katifa, ya buɗe wani ƙullin leda, ya ƙirga naira huɗu, yawanci sulalla.

"Malama, Allah ya sani, abin da ke gidan nan ke nan. Sai agwagwar can, in za ku ɗauka. Mama ta ciyar da yaran nan wata huɗu ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi," in ji Irene.

"Ki ce mata in an biya mu kuɗin sallama, ita ce farko. Kafin mai gidan haya ma."

Matarsa na tsaye a bakin labule tana kallon naira huɗun nan. Irene ta karɓa, ta bar musu agwagwa. Da muka tsallake layin dogo sai ta ce, "Akawu, anya kuɗin nan za su fito?" Na ce mata a hankali ake tara irin wannan.

Mama kuwa kullum ƙara fari take, tafin hannunta kamar an wanke shi da toka. Ta daina zama a kujera, aka shimfiɗa mata tabarma a bayan tebur, daga kwance take nuna wa mai saye inda mudu yake ya auna da kansa. Cinikin yini shi ke sayen maganin ƙarin jini da ɗan abin da za su ci. Kuma ba ta daina ba da bashi ba. Wata rana na dawo na tarar Irene na faɗa, wata mata na fita da mudun gari a gefen zane.

"Mama, muna yawo rana tana dukanmu muna roƙon naira ɗaya-ɗaya, ke kina nan kina ƙara rubutawa!"

"Yaranta ba su ci komai ba tun jiya."

"Ke kuma fa? Ke wa ya ba ki?"

"Rage murya, ana jin ki. Za su biya. Ai Akawu ya tara."

Ina tsaye a bakin famfo da bokiti. Na buɗe ruwa da ƙarfi, na yi kamar ban ji ba.

A mako na biyar jiri ya kayar da ita a banɗaki, sai da mata uku suka ɗauko ta. Ranar Irene ta durƙusa a gabanta tana kuka, ta ce ba ta son fili, uwarta take so. Mama ta ce to, a kira Wilson. Ni na tafi, har gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Na same shi yana wanke kekensa.

"Haba, Oga Akawu. Yanzu? Na sayi wani a Sabon Tasha, har an sauke mini bulo. Ai na tambaye ka ranar nan."

"Ka tambaye ni."

"Kai, sori fa. Da ina da wani kuɗin..."

Muka baza magana a coci da kasuwa. Mutum ɗaya ya taya naira ɗari uku da hamsin, shi ma ya ce sai kaka in ya sayar da masara. Shekarar babu mai kuɗin fili.

Ranar Lahadin mako na bakwai muka zazzage gwangwanin a kan gadon Mama. Abin da muka tara a yawonmu naira ɗari biyu da sittin da uku ne, har da talatin ɗina. Da casa'in ɗinta, ɗari uku da hamsin da uku. Lissafin da kaina ya yi tun ranar farko bai kuskure da yawa ba, kuma ban ji daɗin iyawata ba ko kaɗan. Irene ta riga ta je asibitin ta roƙi a karɓi abin da ke hannu, a biyo da sauran. Mai karɓar kuɗin ya jawo wani ƙaton littafi ya buɗe mata.

"Malama, kin ga wannan? Duk waɗanda suka ce za su biyo da saura ne. Ba ni na kafa dokar ba. Ki cika ki kawo, ranar za a shiga da ita."

Saura naira ɗari da arba'in da bakwai. Ba sai na ɗauki biro ba: ɗari da tamanin da shida a cire talatin, ɗari da hamsin da shida. Abin da ke tsakanin Maman Tagwai da ɗakin tiyata bai kai abin da take bi na ba.

Irene ta fita ɗora ruwa. Na zauna a bakin gado ina juya gwangwanin.

"Mama, nawa... ƙarshen wata saura kwana tara. Da albashi ya fito..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Kai ba na jin ka, Akawu. Kuɗin da ke wurinka kamar a banki suke. Ka ji da mai jego da yarinya tukuna."

"Ta daɗe da gama jego, Mama. Yarinya har tana gudu."

"To ka gani, ta fara cin takalmi ke nan." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta sa ta riƙe mara. Da ya lafa ta ce, "Kwana tara ba yawa. Na yi mako bakwai, kwana tara ne zai gagare ni?"

Da na koma ɗaki Comfort na ninke kaya. Ta ji komai, bangon gidan nan ba ya riƙe magana. Ta nuna rediyona da haɓa, babba mai kaset mai lasifika biyu, wanda nake rufewa da ƙyallen saƙa don ƙura.

"Kai da wannan kasuwa gobe."

"In ka kai kaya da gaggawa tayin banza ake yi maka. Kwana tara ne fa."

"Baban Christy, matar nan ba ta da jini a jiki."

"Na ce kwana tara ne. Na yi lissafi."

Ta dube ni ta ci gaba da ninki. Na yi nadamar abubuwa da yawa a rayuwata, amma babu wadda ta kai ta wannan magana. Ina tsoron a cuce ni naira ashirin ko talatin a kuɗin rediyo.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe mai gadi ya leƙo ofis ya ce ana nemana a get. Comfort ce, da Christy a baya, ba ɗankwali. Ban taɓa ganin ta fita ba ɗankwali ba. Ta ce da safe Mama ta tashi da ɗan ƙarfi, ta sa aka wanke mata fuska, ta sha koko cokali uku, har ta ce wa Irene ta rufe kwanon gari hadari na haɗuwa. Can jinin ya ɓalle, ya ƙi tsayawa. Kafin a samo tasi, kafin a ɗauko ta, lokaci ya ja. Ba su kai gadar shiga gari ba ta cika, kanta a cinyar Irene.

Ban koma ofis ba. Na wuce gida, na shiga ɗaki ta gefen matan da suka fara taruwa, na ɗauko rediyon na nufi kasuwar Kakuri. Mai shagon farko da na tsaya wurinsa ya kunna, ya ji sauti, ya ƙirgo mini naira ɗari da saba'in. Duka abin bai ɗauki rabin awa ba.

Washegari Juma'a da yamma aka yi zaman makoki a ƙofar gida, domin da asubar Asabar za a tafi da ita garinsu, can gaba da Kachia. An ɗauke teburin kayan an jera bencuna daga coci. Matan zumunta na coci sun zauna a da'ira da farin ɗankwali, suna waƙa suna buga tulu. Ana bukatar kuɗin akwati da na motar da za ta ɗauki gawa da masu rakiya. Wani dattijon coci ya kawo faranti da takarda ya ajiye a gabana.

"Akawu, kai za ka riƙe mana lissafi. Kai ka san kan abin."

Na zauna, mutane suka fara zuwa. Ban san Kakuri na da kuɗi haka ba. 'Yan Shif B na masaƙa suka turo Dogo da naira tamanin da biyar da suka harhaɗa a bakin get. Matar mai gyaran agogo ta kwance bakin zane ta ajiye goma sha biyu. Mai sakacen nan da ya ce ya biya tun tuni ya zo da jajayen idanu ya ajiye goma, ya ce a rubuta sunansa da kyau. Wani da ban sani ba ya ce shi yayan Sunday ne, ya ji labari a coci, ga biyar. Wilson ya ba da ashirin. Shekari ya zo a ƙafa, taɓo har gwiwa, ya miƙo naira ashirin a ninke.

"Ina ka samu?" na tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Na jinginar da keken ɗinkin madam. Ai ba za a ce an kai Mama gida ban sa hannu ba. Da wane ido zan kalli mutane?"

Na rubuta sunansa, ni da nawa kuɗin ke cikin aljihu tun jiya. Da na ga layin ya ragu na zaro su na sa a faranti, na rubuta Akawu, ɗari da hamsin da shida.

Wajen ƙarfe biyar dattijon ya ce a tara a gani ko zai isa. Na jera kuɗin a kan benci, 'yan goma daban, 'yan biyar daban, 'yan naira ɗaya daban, sulalla a faranti. Na ƙirga, na duba takarda, na sake ƙirgawa. Irene ta taso daga cikin mata ta zo ta tsaya a kaina, idanunta sun kumbura, muryarta ta dushe. Ta ɗauki takardar tana bin sunayen da yatsa. Kusan duk ta san su, ta tsaya a ƙofar kowannensu. Da yatsan ya iso kan nawa ya daɗe a wurin.

"Nawa ne duka?" ta ce.

"Ɗari shida da goma sha biyu."

"A yini ɗaya."

"A yini ɗaya."

Ta ajiye takardar. Na jira ta faɗi abin da ya kamata ta faɗa mini, a gaban kowa ma, da na fi samun sauƙi. Ba ta faɗa ba. Matan zumunta sun shiga wata waƙar, hadari ya taso daga gabas, iska ta fara ɗaga gefen takardun kuɗin. Irene ta sunkuya a bakin kwata ta tsinto duwatsu uku, ta goge su da gefen zanenta, ta ɗora ɗaya a kan kowane kashi.